Wahala a Goshin Mota

Samarin da suka buɗe shagon buga sitika a tsallaken titi, daidai inda rumfata take a Funtua, sun ce sana'ata ba ta wuce a tsoma buroshi a fenti a shafa ba. Ɗayansu ma ya ce abin da nake yini da kwana ina yi, na'urarsu kafin shayi ya huce ta gama. Ban yi musu da shi ba, gaskiya ya faɗa. Na dai lura duk rubutun da suka manna wa mota, kafin damina ta fita ya fara ɗagowa ta gefe kamar ɓawon albasa. Wannan ma ba abin faɗa ba ne, mai mota zai dawo su sake masa, kowa ya samu na cefane. Tunda sun ce aikin banza ne, bari in ba su labarin aiki ɗaya daga cikin na banzan.

Na koyi rubutun mota a wurin Baba Lamidi, Bayarabe mutumin Ogbomosho, wanda ya zo Funtua tun auduga tana da daraja. Na daɗe a wurinsa kafin ya bar ni in taɓa fenti. Aikina wanke buroshi da kananzir, da kankare tsohon katako da fasasshiyar kwalba har ya yi fari, da goge shi da samfefa. Ƙananan buroshin ma mu muke haɗa abinmu, da gashin akuya da zare da tsinke, don na kanti ba ya jin magana a lanƙwasa. Layi kuwa ba ma jan sa da rula. Zare ake shafa wa alli, mutum biyu su ja shi ya yi tsam, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar farin layi a jikin katako. Da ya ga na iya wannan sai ya ba ni tsohon kwano na rufin ɗaki ya ce in rubuta harafin O. Na yi damina guda ina rubuta O. Mahaifina ya zo duba ni sau ɗaya, ya kalli kwanon, ya tambayi Baba Lamidi ko ƙwai ake koya mini zanawa.

Dokar Baba Lamidi ɗaya ce, kuma bai gaji da maimaita ta ba. Zanen zaki da dawisu da furanni a jikin bodi, wannan namu ne, mu yi yadda muka ga dama. Amma sunan da ke goshin mota, wato allon katakon nan da ke saman gilashin gaba, na mai mota ne. Ba a ƙara masa, ba a rage masa, ba a taɓa shi sai mai motar ya faɗa da bakinsa. Direba ba shi da ta cewa, ko da shi ya kawo motar, ko da ya rantse.

Goshin da na fara rubutawa da hannuna na motar Alhaja Risikatu ne. Ita ma Bayarabiya ce, amma a Funtua aka binne cibiyarta, in tana Hausa a bayan labule ba ka cewa ba 'yar Bakori ba ce. Ta fara da tallan kwanuka a ka, tana bin kasuwanni, yau Danja, gobe Malumfashi, har ta kai ga sayen babbar mota mai bodin katako, wadda za ta riƙa kai dawa da masara Ibadan ta dawo da goro da manja. Kafinta ya gama bodi, mun gama zaki da dawisu, saura goshi. Baba Lamidi ya tambaye ta me za a rubuta. Ta ce kalma ɗaya, Wahala.

Na buga layin alli, na hau tsani da gwangwanin jan fenti. Duk wanda ya san tasha ya san ba a hawa tsani babu 'yan kallo. Kafin in gama harafin farko an taru a ƙarƙashina, kuma gardama ta ɓarke a kan kalmar ta su wane ce.

Baba Lamidi ya ce tasu ce, ba tantama. Tun yana goye yake jin kakarsa tana faɗinta, kuma tsohuwar har ta mutu ba ta tsallake kogin Kwara ba. Ya ce su a wurinsu mai wahala shi ne mai rigima, wanda in ya shigo wuri sai zama ya tashi. Nemanta ake yi, ko a jawo ta.

Daga kan tsani na ce, "Baba, mu kuwa shanta muke yi. Manomi ya sha, ɗan dako ya sha. Ku da kuke nema ai ba ku kai mu saninta ba."

Ya ce, "Kai dai ka kula da hannunka, ƙafar harafin nan ta fara karkata."

Emeka, Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha, ya ce mu daina ja, kalmar turancin buroka ce, kuma a can ta fi yin aiki. Taya ta fashe, wahala. Suruka ta zo kwana biyu ta yi wata, wahala. Ya ce, "Kuma in ka ji mutum ya ce maka no wahala, to ka fara shiri."

Malam Ayuba, limamin masallacin tasha, ya bari kowa ya gama, sannan ya gyara murya. Ya ce shi dai abin da ya ji daga malamansa, asalinta Larabci ce, wahla, firgicin da ke kama mutum farat ɗaya. Malamai da fatake suka zo da ita, Bahaushe ya karɓa ya buɗe mata baki, ya kai ta kudu tare da shanu. Ya rufe da cewa Allah ne masani. Baba Lamidi ya ce to ko da Larabawa ne suka ba da iri, ba a gonarsu ta yi yabanya ba.

Akwai wani Bafulatani a gefe, yana jiran motar Danja da sandarsa a kafaɗa. Aka tambaye shi su fa. Ya ce, "Mu a daji ba mu san ta ba. Ranar da muka fara shigowa gari muka same ta, ba mu kuwa canja mata suna ba."

Alhaja tana zaune a kan benci tana cin goro. Ta ce, "Ni ban tambaye ku ta su wane ce ba. Wannan da ake rubutawa tawa ce, a kaina na ɗauko ta. Kuma ina son abin da ɗan dako a Funtua zai karanta, ɗan sanda a Jebba ya karanta, mai goro a Ibadan ta karanta, ba sai an nemo tafinta ba."

Mutum ɗaya ne bai sa baki ba, shi ne direban da aka ɗauka wa motar, Sale, mutumin Ƙarfi ta hanyar Malumfashi. Sa'ana ne, doguwar fuska, magana ƙasa-ƙasa, irin mutanen da in ka taka su su ne za su ce ka yi haƙuri. Yana ta goge madubin da ya riga ya goge. Da na kai harafi na uku ya matsa kusa da benci ya ce, "Alhaja, da an sa Alheri."

Ta ce, "Alheri sun yi yawa a tashar nan. In aka ce Alheri ta lalace a hanya, wa ya san wacce?"

Ya koma ga madubinsa. Ya san abin da ke zuwa, kowa ma ya sani. A tasha ba a kiran direba da sunan yanka, da sunan motarsa ake kiransa. Muna da Na Gode, muna da Sai Haƙuri, muna da wani dattijo da ake kira Sannu-da-Ƙoƙari har ya koma ga Allah. Fenti bai gama bushewa ba wani ɗan kamasho ya ɗaga murya ya ce, "Wahala, matso da motarka, ka tare hanya." Sale ya hau ya matsar.

Daga nan suna ya bi shi gida. Matarsa ta zama matar Wahala, gidansa a Ƙarfi gidan Wahala, lungun da ke kaiwa gidan ma ya samu rabonsa. 'Ya'yansa suka shiga makaranta a matsayin 'ya'yan Wahala. A nan arewa masu jin sunan sukan ɗan tausaya masa, su ɗauka wani bawan Allah ne da duniya ta juya wa baya. A kudu kuwa tsoronsa ake ji. Ya gaya mini a Ibadan in ya tsaya, 'yan tasha sukan buɗe masa hanya, suna jiran wani ƙato mai jajayen idanu ya sauko, sai su ga Sale yana neman inda zai yi alwala. Shekara da shekaru ba a taɓa yanke masa igiyar tamfol ba. Masu kaya suka riƙa cewa a ba Wahala, kayansu za su isa. Alhaja ta ƙara mota, ta ƙara wata, amma wannan ce ake layi a kanta.

Duk bayan 'yan shekaru yakan kawo motar a sabunta fenti. Lokacin Baba Lamidi ya koma garinsu, rumfa ta zama tawa. Sale yakan tsaya a gindin tsani ya riƙe mini shi, ko da ba ya rawa, in na zo kan goshi ya ce, "Malam Hamisu, ko za a ɗan rage girman haruffan?" In ce, "Ka tambayi Alhaja." Ya gyaɗa kai. Bai taɓa tambayarta ba, ni kuma ban taɓa ragewa ba. Haka muka yi ta yi har gemunmu ya fara fari.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya yi ƙaranci, lodi ya ja baya. Ga tireloli masu bodin ƙarfe sun cika hanya, su kuwa ba su san zaki da dawisu ba. Ga kakannin na'urar samarin nan sun fara shigowa gari. Na yi watanni ban hau tsani ba. Hannun da ya koyi O a wurin Baba Lamidi ya koma rubuta "An hana fitsari a nan" a jikin katangu, da "Gidan nan ba na sayarwa ba ne". Na rubuta sunan mai haya a bayan kujerun roba har na fara mafarkinsu. In ce muku ma ba a daina fitsarin ba.

Cikin wannan hali Sale ya zo rumfata wata hantsi, a ƙafa, ba mota.

Na ce, "Wahala, sannu da zuwa."

Ya zauna a kan benci ya ce, "Ka gani, har kai."

Ya ce Alhaja ta biya masa kujerar Makka. Na yi masa murna, na ce ai ya cancanta. Ya ce ya gode wa Allah, ya gode mata, amma tun da aka gaya masa bai yi barci mai daɗi ba. "Malam Hamisu, in na dawo me za a riƙa ce mini?"

Amsar a fili take.

Ya ce, "Ubana ya yanka rago ya ce Salihu. Tun da tsohuwata ta rasu ban ƙara jin wani ya faɗe shi ba. Ko a gida, in yara suna maganata da baƙo, da wancan suke kwatance. Ban taɓa zagin kowa ba, ban taɓa kai kowa ƙara ba. Ina so in je gaban ɗakin Allah in dawo da sunana. Ka shafe shi kafin in dawo."

Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji nauyi, don hannuna ne ya rubuta. Ga shi ina neman aiki ido rufe. Amma na ce masa doka tana nan, sai mai mota ta faɗa. Abin da zan iya shi ne in raka shi.

Muka sami Alhaja a tsakar gidanta, ta tsufa, tana zaune a kan tabarma tana tsince goro a cikin ganye. Muka gaisa, muka ƙara gaisawa. Sale ya fara kewaye-kewaye, daga lafiyar mota ya koma tsadar taya. Da na ga za mu kai la'asar sai na faɗa masa abin da ya kawo mu.

Ta ci gaba da tsince goronta. Sannan ta ce, "Ɗan nan, na ba ka kujera, kai kuma ka zo ka cire mini suna."

Ya ce, "Alhaja, ki yafe ni. Ke a goshin mota kika sa shi. Ni a kaina yake."

Ta ajiye goron. Ta ce ta ji, kuma ba ta ga laifinsa ba. Ta juyo gare ni. "Mai fenti, ka rufe shi. Amma kada ka kankare. Ko kwalba ko samfefa kada su taɓa shi. Kwanukan da na ɗauka a kaina suna cikin katakon nan. In na mutu ku yi yadda kuke so."

Ta san abin da take faɗa, matar da ta yi rayuwarta cikin motoci. A hanya na yi wa Sale bayani. Rubutun da aka maimaita sau da yawa yakan yi tudu. In ba a kankare shi har katako ba, ko fenti nawa ka zuba a kai, rana ta buga, ruwa ya buga, sabon ya zauna, tsohon ya taso. Na ce in na yi iya ƙoƙarina, damina biyu zai ɓoye.

Ya ce, "Damina biyu ta isa mutane su saba."

Na tambaye shi me za a rubuta a madadinsa. Ya ce kada a rubuta komai. Duk abin da aka sa, shi zai zama sunansa. In goshi ya zama wayam, dole a nemi sunan mai tuƙi. Na jinjina wannan dabara, ban taɓa jin wanda ya yi ta ba.

Ya tashi zuwa Makka, ni kuma na hau tsani. A duk ayyukana ba wanda ya ci mini lokaci kamar wannan, ga shi babu harafi ko ɗaya a cikinsa. Da ƙaramin buroshi na riƙa cike tsakanin haruffa da kore, shafi bayan shafi, ina barin kowane ya bushe a inuwa, don filin ya taso ya yi daidai da tudun rubutun. Sai da suka yi kai ɗaya sannan na bi duka da babban buroshi. Da na gama, ko ka shafa da tafin hannu ba ka jin komai. Masu wucewa suna tambaya yaushe za a fara rubutun, ina ce musu an gama.

Ranar da ya dawo tasha, da farar hula da sabon carbi, motar tana tsaye da koren goshinta. Ina nan a gefe, na zo in ga yadda za ta kaya. Jama'a suka taru. Suka kalli goshin mota, suka kalle shi. Shugaban 'yan kamasho ya miƙa masa hannu biyu ya ce, "Alhaji Wahala, an dawo lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Bai karaya nan da nan ba. Ya gwada ƙin amsawa, amma direban da ba ya amsa kira ba ya samun lodi. Ya gwada gyara wa mutane, su ce to, Allah ya ba su haƙuri, gobe su koma. Wasu suka riƙa cewa Alhaji kawai in yana kusa, in ya ba da baya su cike sauran. A kudu abin ya fi muni. Masu goro a Ibadan suka ga baƙuwar mota ba suna, suka ba wasu kayansu. Labari ya bazu cewa Wahala ya mutu a Makka, har wata tsohuwa ta aiko da gaisuwar ta'aziyya. A tafiya ta gaba aka yanke masa igiyar tamfol. Ya gaya mini da bakinsa cewa wata rana a can, da ya ga zai dawo ba kaya, ya leƙo ta taga ya ce da su, "Ni ne Wahala." Da yake ba ni wannan labari bai kalle ni ba.

Ni dai tun ranar da ya zauna a bencina na koma ce masa Malam Salihu, bayan Makka kuma Alhaji Salihu. Da farko yakan ɗan yi jinkiri kafin ya waiwayo, sai ka ce wani ake kira a bayansa. Daga baya ya saba. Yakan biyo ta rumfata ko ba shi da aiki, mu gaisa, ya wuce.

Damina ta biyu tana fita, harafin farko ya fara nunawa a ƙarƙashin koren, in rana ta yi gefe. Kafin rani ya ƙare duk shidan sun taso, ba kala, sai tudu da inuwa, amma ko yaro zai karanta. Na ce masa in yana so in ƙara shafi. Ya ce in bar shi.

Bayan wasu shekaru Alhaja ta rasu, motar ma ta gaji. 'Ya'yanta suka sayar da ƙarfen, kafinta ya kwashe katako. Allon goshi kuwa suka aika wa Alhaji Salihu, suka ce Mama ta ce a yi yadda ake so. Shi kuma ya ɗauko shi a bayan babur ya kawo mini. Na ce ga kwalba, ga samfefa, yanzu ba mai hana mu. Ya ce, "A kankare a kai wa wa? Ka ajiye, ko ka hura wuta da shi." Katako ne mai kyau, ban iya ƙona shi ba. Na jingina shi a bayan rumfa, fuskarsa na kallon bango. Shi kuma ya koma Ƙarfi ya kama noma.

Bara, wata safiya, babban ɗansa Musa ya kira ni a waya ya ce Baba ya cika, jana'iza bayan azahar. Ya ce ya bar wasiyya guda, duk inda za a yi sanarwa a faɗi sunansa na yanka, kada a ƙara komai. Ya roƙe ni in kai saƙo masallacin tasha, tunda can ne mutanensa suke.

Na kai. Ladan ya kunna lasifika ya ce Allah ya yi wa Alhaji Salihu Musa Ƙarfi rasuwa, ya faɗi lokaci, ya maimaita. Ina tsaye a bakin masallaci ina kallon tasha. Mutane suka ce Allah ya jiƙan Musulmi, ba tare da sun ɗago ba. 'Yan dako suka ci gaba da lodi. Wani tsohon direba, wanda na san Alhaji Salihu ya taɓa jan motarsa tun daga Tegina, yana zaune yana shan kunu, ya tambayi na kusa da shi wane ne kuma wannan. Na kusa da shi ya ce wataƙila wani ɗan siyasa ne.

Na koma rumfata na zauna. Rana tana ta hawa. Na san wasiyyarsa, ni ne ma na fi kowa sanin dalilinta. Na kuma san mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar mutane kyauta a hanya, yana kai saƙon marasa lafiya, za a sallace shi da sahun da bai wuce maƙwabta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wanda ya tafi ba abin da ya rage masa a wurinmu sai yawan masu cewa Allah ya gafarta masa.

Na tashi na juyo allon, na kaɗe masa yanar gizo. Na ɗauki alli na rubuta a ƙasan haruffan, "Jana'iza bayan azahar, Ƙarfi." Na ɗora shi a ka na tsallaka titi, na jingina shi a ƙofar tasha. Sunan dai bai fito daga bakina ba.

Wani ɗan dako ne ya fara gani, ya sauke buhun da ke kansa a inda yake. Tsohon direban nan ya ajiye kofin kunu ya yi salati. Emeka, wanda yanzu sai da sanda, ya fito ya tsaya a gaban allon, ya cire hularsa, ya koma ya ja ƙofar shago. Yarabawa masu goro suka aika a gaya wa 'ya'yan Alhaja. Waya ta fara aiki. Kafin a kira azahar bas-bas sun sauke fasinjan Zariya sun juya hanyar Malumfashi, babura suna bin su, wasu a bayan motar yashi. Na samu gefen kujera a motar ɗan Alhaja.

Filin da ke gaban masallacin Ƙarfi bai ɗauke mu ba, sahu ya fita har cikin gonar da aka girbe. Emeka da mutanensa suka tsaya daga gefe a ƙarƙashin bishiyar ɗorawa, hannuwa a baya. Musa ya kalli jama'ar, ya neme ni da ido har ya same ni.

Aka ajiye makara a gaba. Liman ya juyo, ba lasifika, ya ce, "Jama'a, wannan ɗan'uwanku ne, Alhaji Salihu ɗan Malam Musa. Wanda ya saɓa wa, ya yafe masa."

Na sahun gaba ne kawai suka ji. Na bayansu suka tambaya me ya ce. Aka waiwaya aka ce, Salihu. Wanda ke kusa da ni, ɗan kamashon da ya yi shekara talatin yana ba shi lodi, ya ce, "Ashe Salihu ne sunansa?" Na ce Salihu. Ya juya ya gaya wa na bayansa. Haka sunan ya riƙa tafiya baya, sahu bayan sahu, ta bakin direbobi da 'yan dako da masu goro, ya fita fili ya shiga gona, har na hango Emeka a ƙarƙashin ɗorawa ya karkato kunne, wani ya faɗa masa, shi ma ya motsa baki.

Tun ranar da aka yanka ragon nan ba na jin an taɓa faɗin sunan da yawa haka. Shi kuwa yana kwance a gaba, an rufe shi da farin yadi. Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara.